Kujerar da Na Juya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, Ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, Ya raya zuri'a. Mu nan sai godiya. Auta ta tare a ɗakinta, Babban kuma aiki ya riƙe shi, sai dai waya. Gidan ya yi mini girma, Yaya. Har yanzu hannuna bai koyi girkin mutum biyu ba, kullum sai an yi saura.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, akwai wata cibiya kusa da asibitin unguwarmu da ke taimaka wa ma'aurata, inda masu bincike ke tara sababbin aure suna koya musu zaman lafiya. Wata malama a cikinsu ta zo har gida, wai maƙwabta sun shaida mata cewa ba a taɓa jin kanmu ba, ni da Baban yara, don haka suna so mu je mu zama abin koyi. Na so in yi dariya. Ke kin san shi: ya dawo daga shagon gyaran rediyonsa, ya zauna a kujerarsa ya fuskanci talabijin, in ajiye abinci, ya ce madalla. Da me za a yi faɗan, tunda ba a magana?

Mun je. Ɗaki ne mai fanka ɗaya, an jera kujerun roba bibbiyu, kowace tana kallon 'yar'uwarta. Malamar ta ce bincikensu ya nuna yawancin aure ba rigima ke cinye shi ba, shiru ne, shi ya sa suke sa miji da mata su zauna gwiwa da gwiwa, a ajiye waya, kowa ya dubi ɗan'uwansa ya faɗi abin da ya gani. Ta ce mu manya mu fara. Na zauna kamar sabuwar amarya, da tsufana. Ya ɗago kai ya dube ni, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni yaushe na fara sa tabarau.

Yaran suka fashe da dariya har da tafi, sun ɗauka barkwancin tsofaffi ne. Wata 'yar amarya ma cewa ta yi Allah Ya ba su irin namu. Yaya, tun kafin bikin Babban nake sa tabaran nan. Na yi murmushi saboda idon jama'a, amma raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba fushi na ji ba, kaɗaici ne. Shi kuwa bai yi dariya ba. A hanya na ga bakinsa na motsi kamar zai ce wani abu, sai ya tsaya sayen batir.

Da muka dawo na juya kujerarsa ta fuskanci tawa. Ya shigo, ya mayar da ita wajen talabijin. Washegari na sake, ya sake. Haka muka yi ta yi, kin san ni da naci. Tsorona shi ne mu ƙarasa sauran kwanakinmu haka, ranar da ɗayanmu ya tafi, wanda ya rage ya rasa ko hira ɗaya da zai tuna. Jiya dai bai juya ta ba. Ya zauna ya ci abincinsa yana fuskantata, idonsa a kwano. Da ya gama ya miƙo hannu ya ce in kawo tabaran, wai ƙafar tabaran ɗaya ta yi sako-sako, ya ɗaure ta da ɗan sukudirebansa ya miƙo mini. Iyakar maganar ke nan. Ban sani ba ko mafari ne, ko kuwa gyara kawai ya gani. Yau ma na bar kujerar yadda take, ina jira.

Don Allah kada yara su ji. Ki gaishe mini da Kawu, da Gwaggo Ƙarama, da Dogo da iyalinsa, da takwarata. Ki ba ni amsa mai tsawo, ko da labarin kajinki ne, zan karanta da bakina a fili.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Maman Auta