Bakan Babana Ya Tsage

Asabar bayan Isha'i, Ƙofar Marusa

Yau autana Nasiru ya zo daga Kambarawa da matarsa da 'yarsu Hafsatu. Yarinyar ta hango bakan da na gada wurin Babana rataye a bango, ta ce, "Kaka, da wannan kake harbin barewa?" Nan take na ji ƙuruciya ta dawo mini. Na sauko da bakan da kwarinsa, na nuna musu kibau, na ba su labarin yadda muke bin sawu da asuba, iska tana bugun fuskarmu don kada barewa ta ji warinmu. Har surukata, duk da kunyarta, ta matso bakin ƙofa.

Nasiru ya karɓi bakan, ya ja tsirkiya, ya sake ta ba kibiya a kai. Sai na ji ƙas! Itacen ya tsage. Kowane maharbi ya san ba a yin haka.

Na daka masa tsawa a gaban iyalinsa: "Ɗan maharbi ne zai yi wannan?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, sau nawa na roƙe ka ka tafi da ni daji? Kullum sai ka ce mani in je in yi karatu."

Gaskiya ya faɗa. Ni a ganina gata nake yi masa.

Da za su tafi ya ce zai nemo mai gyara. Na kasa gaya masa cewa a unguwar nan ni kaɗai na rage cikin masu gyaran baka, kuma saboda tsufa hannuna rawa yake yi.