Inna, Sun Fasa Kwaɗon Maman Ladi

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san ba a kai wa mamaci ƙara, amma yau ke zan kawo wa, don masu ran da na gaya wa sun mai da ni mahaukaciya.

Inna, Yaya Garba ya fasa kwaɗon shagon Maman Ladi.

Kin tuna ranar da ta tafi, shekarar da aka hana acaɓa, Potiskum ta rikice, baƙi suna ta ɗaure kaya. Shekara ashirin kuna jere, bango ɗaya ne tsakaninku: a sayi yadi da zare a wurinki, a yi taku uku a kai mata ɗinki. Ta shigo da yaranta, motar Jos tana jira, ta kwance mabuɗi daga bakin zani ta damƙa miki. Ta ce, "Hajja, wata biyu ne, ki riƙe min." Kika ce, "Ko shekara nawa ne, ƙofarki ba za ta yi ƙura ba."

Ba don kara kawai kika faɗi haka ba. A lokacin dattawan layinmu sun kafa doka saboda tsoro: shagon da ake share ƙofarsa a yayyafa ruwa da safe yana da mai shi, ko a rufe yake. Wanda ya kwana arba'in ba shara, a zo a duba, a ce ya zama kango, a sa wani a ciki kafin miyagu su mai da shi maɓoya su jawo wa layi masifa.

Shekara biyar kina sharar nan. Daga unguwar Dogo Tebo kike takowa da ƙafa. A shingen sojoji kowa sai ya ɗaga hannu sama, ke kuma ki ɗaga naki da tsintsiya a ciki, har suka sa miki suna Mama Tsintsiya. Ina biye da ke kunya kamar ta kashe ni, ke ko a jikinki.

A kan idonki tsakiyar gari ta juye. Aka tare babbar hanya da ganguna da buhunan yashi, mutanen ƙauyuka irin su Danchuwa suka daina shigowa sayayyar Sallah. Mai gyaran acaɓa ya koma gyaran napep. Mai kaset ya koma cajin waya. Rabin masu shaguna suka bi motoci zuwa bakin gari. Ni ma da na gaji shagonki na ajiye yadi na kama hijabai, don su ake saye. Ban ga laifin kowa ba, ciki ba ya jiran zaman lafiya. Amma canza sana'a daban, cin amana daban.

Da ciwo ya kwantar da ke, ba Yaya Garba kika ba mabuɗin ba, ko da yake shi ne babba. Ni kika ba. Ashe kin san ɗanki.

Shekara biyu ban yi fashi ba, Inna, Allah shaida, har da tsohon ciki ina sunkuyawa. Sai na haihu. Tun da ba kya nan, Gwaggo ta ɗauke ni zuwa Damagum wankan jego. Kafin in shiga mota na je shagon Yaya, wanda ke kallon na Maman Ladi, inda yake sayar da kayan napep. Na ba shi tsintsiyarki da hannuna. Ya yi dariya ya ce, "Haba autar Inna, shara kawai? Je ki kwantar da hankalinki."

Ashe lissafi yake yi. Wankan jego kwana arba'in, dokar layi kwana arba'in. Ko sau ɗaya bai taɓa tsintsiyar ba. Matar mai shayi ta ga leda ta taru ta ɗauko tata, ya kore ta, wai ba huruminta ba ne. Ranar arba'in da ɗaya, ina can ana shirya min kunun kanwa, shi yana nan ya tara dattawa yana nuna musu ƙura.

Su kuma suka gyaɗa kai! Malam Buba, Inna, wanda Maman Ladi ta ɗinka wa 'ya'yansa kayan aure su uku, wanda ba ya fashin shinkafarta ta Kirsimeti, shi ya fara cewa doka doka ce. Dukkansu sun san inda nake, sun san abin da ya kai ni. An rasa mutum ɗaya da zai ce a jira Falmata ta dawo. Tir da wannan dattaku.

Na dawo na tarar an shafe shagon da fenti ruwan ɗorawa, tayoyin Yaya har rufi, ƙasa duk baƙin mai, an sa wa ƙofar sabon kwaɗo. Keken ɗinkinta na same shi a zauren Yaya, awaki suna kwana a jikinsa. Na kinkime shi na kai ɗakina ina kuka. Da na tare shi da maganar, cewa ya yi, "Gari ya canza, Falmata. Wanda ya tafi ya tafi." Na ce masa to ai ke ma, Inna, kin tafi, sai ya je ya sayar da kabarinki mu gani. Na san na yi rashin kunya. Ban janye ba.

Shekaranjiya kuma waya ta shigo. Maman Ladi ce. Muryarta ta tsufa. Ta ce hankali ya fara kwanciya, za ta zo ranar Asabar tare da 'yarta Ladi, wadda yanzu ta iya ɗinki, su buɗe shago. Ta ce za ta fara zuwa gida ta yi mana gaisuwarki. Sannan ta tambaya, "Mabuɗina yana nan?" Na ce yana nan. Ban yi ƙarya ba, yana wuyana a igiyar da kika ɗaure shi. Sauran maganar ce ta ƙi fita.

To yau da safe na goya jaririya, na ɗauko sabuwar tsintsiya, na je na share ƙofar shagon tas, na kewaye tayoyinsa, na yayyafa ruwa. Malam Buba ya shige ciki kamar an kira shi. Yaya ya ce na tona masa asiri. Wane asiri, abin da aka yi da rana tsaka? Dokarsu ce ta ce ƙofar da aka share tana da mai ita, kuma babu wanda bai san wa nake share wa ba. Gobe ma zan je, jibi ma.

Ranar Asabar zan tarye ta a tasha, in ajiye kekenta a bakin ƙofar, in miƙa mata mabuɗin a gaban kowa. Idan ta gwada ya ƙi buɗewa, Yaya Garba ya yi mata bayani da bakinsa, dattawa suna ji.

Amma Inna, tsoro nake ji. Ba shi nake tsoro ba. Idonta nake tsoro, lokacin da za ta dube ni ta tuna abin da kika ce mata. Ki yafe min kwana arba'in ɗin nan. Da kina nan, a ɗakinki zan yi wanka, ke kuma ki tafi shara.

Jaririyar sunanki na sa mata. Tana da goshinki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya share miki hanya kamar yadda kika share ƙofar maƙwabciyarki. Allah Ya shiryi ɗanki kafin Asabar, in kuma bai shiryu ba, Ya ba ni bakin da ba zai yi rawa ba. Amin.

Autarki,
Falmata