Sambo, Wuƙarka Tana Aljihuna

Zuwa ga aminina Sambo, a duk inda Allah ya ajiye ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaishe ka, ina gaida iyali, ina kuma gaida dabbobi in Allah ya mayar maka da su. Ina fata gajiyar tafiya ta sake ka, ko da yake tafiyar taka ta yi tsawon da har furfura ta cinye kaina.

Ni ne Lawali ɗan koli, mai shimfiɗa tabarma kusa da rumfar mahauta a kasuwar Cadawa, wanda ba ka taɓa kira da sunansa ba sai dai Kaɗo, yadda ku Fulani kuke kiran Bahaushe. Na san ba ka karatun boko, ni ma sai da na girma na koya a makarantar manya. Amma na rubuta, kuma na sa ta inda jama'a za su gani, don a gaban jama'a na ci mutuncinka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka tuna gonar babanmu ta hanyar Gazawa? Kowace kaka, da an kwashe hatsi, ku ne masu sauka a cikinta. Shanunku su ci kara, su bar mana taki. Ka zo mini da kindirmo, in zo maka da rogo, ka ci ka ƙoshi sannan ka ce abincin Haɓe ba ya riƙe ciki. Ni kuma in ce da iska ta taso sai an ɗaure ka a jikin turke.

A nan Inna ta ba ka amanar saniyarta. Kakanninmu ma masu dabbobi ne daga arewa kafin su zauna su kama fartanya, kuma duk abin da ya rage mana daga wancan zamani shi ne jar saniyar nan guda. Kai ka sa mata suna Woɗe, ka ce ja ke nan da yarenku. Shaidar gidanmu tana jikinta, tsaga biyu a gindin kunnen hagu. Inna ba ta cewa saniyata, sai dai ta ce 'yar'uwata.

Sai fari ya zo, na biyun, wanda ya biyo na farko da shekara goma. Muka yi shuka sau uku, sau uku rana tana ƙonewa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Rumbunan da muke taƙama da su suka koma ɗakin ɓera, har ɓerayen ma suka yi ƙaura.

Ranar da za ku gangara kudu neman ciyawa ka zo mini kasuwa. Na duba ɗamararka ban ga wuƙar babanka ba, mai jan kube, wadda ba ka rabuwa da ita. Ka kau da kai ka ce ka ba wani ita ya ba ka hatsi saboda yara. Ka ce makiyayi ba ya shiga daji hannu sake a shekara irin wannan, don dabba in ta faɗi dole a yanka ta kafin ta zama mushe. Ka kuma ce mini, al'adarku ce in dabbar amana ta mutu a yanko kunnenta mai shaida a kawo wa mai ita, don zuciya ta kwanta.

To, Sambo, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Wuƙar aljihu iri biyu ce a tabarmata ran nan. Akwai guda ɗaya mai ƙotar ƙaho, wadda in ka buɗe ta za ka ji ta ce ƙas, ta kafe, ba ta ninkewa sai ka danna bayanta. Akwai kuma 'yan araha da suka zo mini cikin kwali daga ƙetaren iyaka, masu ƙotar gwangwani mai walƙiya. Waɗannan na fasa goro ne da feƙe alƙalami da yanke farce. Ƙusarsu sako-sako take, da ka danna da ƙarfi sai ruwan wuƙar ya dawo kan yatsa. Na sani, wallahi na sani. Kwana kaɗan kafin nan wani mai sayar da rake ya dawo mini da tasa yana zagina.

Mai ƙahon na ɓoye ta ƙarƙashin cinyata. Wani jandarma ne, jami'in tsaro, ya ce in ajiye masa, kuma ina hango 'yan tiyoyin geron da za ta kawo gidana. Na ɗauko mai walƙiyar na goge ta da bakin riga, na sa maka a hannu, na ce kyauta. Har da cika baki irin namu na 'yan koli, na ce wannan ko raƙumi ka kayar za ta raba shi da numfashi.

Ka buɗe ta, ka rufe, ka yi dariya kamar an ba ka doki. Ka ce, "Kaɗo, in kai ka faɗa, haka ne." Ka yi ta godiya har na ji kunya, amma kunyar ba ta kai in ɗaga cinyata ba. Tir da ni.

Kuka tafi. Mu kuma muka zauna da yunwa. Maiɗakina ta yi ta jiƙa 'ya'yan itacen anza na daji kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, ya ƙi fita duka, muka ci haka nan. Mata suka haƙa gidan tururuwa neman ƙwaya. Na sayar da akuya, na sayar da rediyo, na sayar da rigar Sallata. Duk lokacin da ciki ya murɗa sai in ce wa iyalina su yi haƙuri, Woɗe tana da ciki, za ta dawo da maraƙi da nono. Inna kuwa kowace safiya bayan gaisuwa sai ta ce, ko an ji labarin Sambo da 'yar'uwata?

Labarin da ya riƙa zuwa ba mai daɗi ba ne. A rumfunan kasuwa ana cewa wasu makiyaya suna sayar da shanun amana a ƙetare, su dawo su ce sun mutu. Da farko ina cewa ban da Sambo. Daga baya na daina faɗa da ƙarfi. Mai jin yunwa kunnensa yana da faɗi, komai aka zuba yana shiga.

Gab da damina ka dawo. Da ƙyar na gane ka. Wuyanka ya yi tsawo, idanunka sun faɗa, ba saniya ko ɗaya a bayanka, daga kai sai sanda sai 'yar jakar fata. Ka bi masu amana ɗaya bayan ɗaya a cikin kasuwar, kana ciro busasshen kunne kana miƙawa. Kowa ya duba ya ga shaidarsa, ya ce innalillahi, ya yi maka sannu. Ni ka bari na ƙarshe.

Ka tsuguna a bakin tabarmata, ka miƙo mini nawa da hannun hagu.

Hagu, Sambo! Abin da idona ya fara gani ke nan. Na ce a raina, au, har raini ya kai nan? Hannunka na dama yana cikin riga naɗe da tsumma, na gan shi sarai, amma ban tambaya ba. Na juya kunnen. Guntu ne, an yanko shi a karkace kamar kare ya yaga, kuma an tsaya sama da inda shaida take. Ba tsaga biyu, ba ko ɗaya. Na kowa ya zo da shaida, nawa ne kaɗai babu.

Da na yi shiru na kai shi gida, da yau ba na rubuta wannan. Amma na miƙe tsaye, na ɗaga shi sama yadda mahauta da masu hatsi da matan fura za su gani. Na ce wannan kunnen kowace jar saniya ne. Na ce ka faɗi inda ka sayar da ita. Na kira ka maci amana, na haɗa da danginka kaf. Magana zarar bunu ce, ni kuwa ran nan na zare rufin ɗakin duka.

Ba ka ɗaga murya ba. Sai ka sa hagun nan a aljihu, ka ciro wuƙar, ka ajiye ta a kan tabarma. Ka ce, "Ga kayanka duka biyu, Kaɗo. Ka gaida Inna." Ka dogara sanda ka miƙe, ka bi ta tsakanin rumfuna, mutane suna matsa maka. Ƙeyarka ita ce abu na ƙarshe da na gani naka.

Kwana uku kunnen yana cikin kwalin kayana ban nuna wa Inna ba. Ran na huɗu ta ritsa ni, don labari ya riga ni shiga gida. Ta karɓa, ta kai shi kusa da idonta, ta shafa cikinsa da babban yatsa. Ba ta ko nemi shaida ba. Ta ce, "Ita ce. Ga 'yan fararen gashin nan da aka haife ta da su." Ta sa shi a ƙirjinta ta yi kuka mara sauti. Da ta share hawaye sai ta ce, ina Sambo, an ba shi ruwa ya sha?

Na fita waje kamar wanda aka mara. Na ciro wuƙar, na buɗe. Cikin ramin ƙotar duk busasshen jini ne, baƙi. Na kama igiyar akuyar da na sayar, wadda take rataye a danga, na danna wuƙar a kanta da ƙarfi. Nan take wuƙar ta ninke a kan yatsana. Igiya ce fa kawai, ba wuyan saniya ba. Tabon yana nan har yau, ɗan ƙarami, abin kunya.

Da gudu na nufi inda danginku suka sauka. Na tarar da baffanka Ja'e zaune a gindin aduwa. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Shi ya ba ni labarin da kai ka ƙi ba ni.

Ya ce Woɗe ce ta ƙarshe a garken. Ya ce naka na kanka sun riga ta faɗuwa, don in ka hau gawo ka sassaro ganye, ita kake fara zuba wa. In an samu ruwa a rijiya ita ce a gaba. Da ƙafafunta suka daina ɗaukarta, kowace safiya kai da matarka kuke kama ta, kai a wutsiya ita a ƙaho, ku tsayar da ita. Ana ce maka ka bar ta, kana cewa ta tsohuwa ce, amana ce.

Ya ce ranar da ta kwanta kwanciyar ƙarshe, ka juya ta gabas, ka yi bisimilla, ka danna wuƙata a wuyanta. Wuƙar da ta daɗe tana lanƙwasa, kana lallaɓa ta a kan kunnuwan shanun mutane, ran nan ta rufe a kan yatsunka har ƙashi. Kana fama da jininka Woɗe ta cika. Ta tafi mushe, ko tsoka ɗaya yaranka ba su ci ba, ga su tsaye suna kallo. Da hagu ka gurza abin da ka iya gurzawa na kunnen, ungulaye suna sauka. Yatsu biyu suka ruɓe a hanya, aka cire.

Na ce ina kake. Ya nuna kudu da haɓa. Ya ce tun washegarin kasuwa ka ɗauki iyalinka, ka ce ba ka zama a ƙasar da aka kira ka ɓarawo.

Na neme ka, Sambo. Na bi kasuwannin shanu daga Gazawa har Gidan Rumji, na ƙetare iyaka ban san sau nawa ba. Duk Bafulatanin da ya tsaya a tabarmata, hannunsa nake fara kallo kafin fuskarsa. Inna ta rasu damina biyu bayan haka. Ba ta sake yi mini maganar ba ko sau ɗaya, amma kunnen a cikin kwallarta muka same shi, naɗe da ƙyalle mai tsabta.

Jandarman nan kuwa bai dawo ba. An yi masa canjin wurin aiki. Wuƙa mai ƙotar ƙaho ta shekara a kwalina, daga ƙarshe na ba wani mahauci don ba na son ganinta.

Yanzu kasuwa ta cika da wuƙaƙen aljihu iri-iri, masu araha, har akwai nagari a cikinsu. Ban daina koli ba sai da gwiwa ta hana ni, amma tun daga ranar ban sayar da wuƙar da ban fara danna ta a kan itace ba a gaban mai saye. In ta goro ce, in ce ta goro ce. Ana yi mini dariya wai ina kashe kasuwata. Taka kuwa tana aljihuna kullum. Ban wanke ta ba, ban kai ta maƙera ba, ba na yanka komai da ita. In na sa hannu neman goro sai in taɓa ta.

Ba na cewa yunwa ce ta sa ni. Kai ma ai yunwar kake ji, ta fi tawa, ka kuma ɗaga saniyar uwata da wutsiya. Ni na cuce ka sau biyu, ranar da na ba ka da ranar da ka dawo mini da ita. Ina kewarka, aminina, kewar da ba ta tsufa. Ka yafe mini.

In ka riga ni, Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya mayar maka da yatsunka da garkenka a inda ciyawa ba ta bushewa. In kana raye, Allah ya sa wani mai karanta wannan ya san wani tsoho Sambo mai yatsu uku a hannun dama, ya karanta maka. Gidan yana nan inda ka san shi, gonar ma tana nan, ba wanda ya sauka a cikinta da izinina tun bayanka. Allah ya haɗa fuskokinmu kafin a rufe tawa.

In ka zo, ka miƙo mini hagun nan. Da hannu biyu zan karɓa.

Naka mai neman gafara,
Lawali, Kaɗonka na Cadawa.