Wutar Mazarƙwaila a Idon Jirgi

Dandamisa, Makarfi.

Zuwa ga ƙanena Mu'awiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin soja, ya zaman nesa? Inna tana gaishe ka, Uwaliya da yara ma haka. Tunda wayarka ba ta shiga inda kuke, na ba wani direba ɗan Kudan wannan takarda.

Rake ya nuna. Mun kafa injin matsa a fadama, mun yi bukkoki, muna shirin kunna wutar mazarƙwaila kamar kowace shekara. Bana hankalinmu kwance. Wani babba farar hula mai kula da tsaro ya zo Makarfi, ya ce an sayo jirgi marar matuƙi mai ganin ko kaza. Muna jin kukansa a sama. Ɓarayin daji sun shiga uku.

Yayanka, Sada.

*

Yaya Sada,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai gajiya. Ka durƙusa min a gaban Inna.

Don Allah kada ku kunna wutar nan a fadama. Hotunan da jirgin ke ɗauka ɗakinmu suke zuwa, ni ke zama gaban allo ina karanta su. Ba ya ganin kaza, Yaya, zafi yake gani. Ga yadda za ku fito: babbar wuta a tsakar daji, bukkoki, babura jere ƙarƙashin mangwaro, maza da adduna. Sak sansanin ɓarayi.

Babban nan da ya yi muku jawabi na san shi. Ba mugu ba ne, ba zan yi masa sharri ba; shi ya tsaya aka gyara mana jiragen da suka daɗe a ajiye. Amma bai taɓa kwana a sansani ba, bai taɓa shaƙar hayaƙin tukar rake ba, kuma abin da yake nema shi ne nasarar da zai karanta a rediyo. Na kai wa manyanmu shawara: kafin jirgin yaƙi ya tashi a kan kowace wuta, a kira mai unguwar wurin a tambaya ko ta manoma ce. Suka ce kira zai tona asiri. Akwai wannan haɗarin, na yarda. Amma gara ɓarawo ya tsere da a binne manomi.

Ku kwaso raken, ku dafa a cikin gari.

Ƙanenka mai biyayya, Mu'awiyya.

*

Mu'awiyya,

Salamu alaikum. Muna lafiya.

Ka daɗe a sama har ka manta ƙasa. A kwaso rake gari? Da wuyan wa? Ka san in an sare shi bai shiga inji da wuri ba tsami yake yi. Uwaliya ta ce in tambaye ka ko jirginku zai zo ya taya mu ɗauka.

A fadamar nan Baba ya dafa, a nan ka ƙona yatsa kana lasar kasko. Yanzu a gonar ubana sai na nemi izinin wani ƙarfe kafin in hura wuta? Ɓarayi sun hana mu gonar tudu, ku kuma za ku hana mu ta fadama. Ban da haka, ba kai ne a gaban allon ba? In ka ga wuta kusa da rafin Dandamisa, ka ce musu ta yayanka ce.

Allah ya tsare.

Sada.

*

Yaya,

Salamu alaikum, da fatan Inna ta ji sauƙin ƙafa.

Faɗanka daidai ne, ban da jumlar ƙarshe. Ba ni ne a gaban allon ba yanzu.

Babban ya kawo ziyara da tawagarsa, manyan riguna da turare. Ya tambaya ko akwai mai magana, irin tambayar da ba a son amsarta. Na miƙe na maimaita shawarata, na ƙara da cewa daga Ikara har Kudan lokacin mazarƙwaila ne, kowace fadama za ta yi wuta. Ya yi murmushi, ya ce zai duba. Wani na kusa da shi ya tambayi mene ne mazarƙwaila. Wallahi, Yaya, da bakinsa. Waɗannan ne ke yanke inda za mu jefa bam.

Bayan sun tafi aka mayar da ni sito, ina ƙirga tayoyi. Wanda ya hau kujerata mutumin kirki ne, ya fi ni iya na'ura, amma bai taɓa ganin rake a tsaye ba. Na zana masa yadda wurin dafawa yake. Ya karɓa, ya gode. Ko zai tuna a lokacin da ake masa tsawa ta waya, Allah kaɗai ya sani.

Ba ni da sauran abin da zan kare ku da shi sai takardar nan. Ka zage ni, amma ka nemi amalanke.

Mu'awiyya.

*

Mu'awiyya,

Salamu alaikum.

Mun aro amalanken shanu daga Furana, mun tumɓuke inji mun kafa a ƙofar gida. Wani raken ya yi tsami. Hayaƙi yana sa Inna tari, ta ce a bar shi ya yi ta yi.

Lado maƙwabcinmu bai samu amalanke ba. Shi da 'ya'yansa suna fadama, sun kunna tasu. Jiya jirgin ya zo ya daɗe yana kewaya kansu. Duk gari muka bar aiki muka ɗaga kai.

Yaya sunan wanda ke kujerarka? Inna tana so ta sa shi a addu'a.

Yayanka, Sada.