Kube Talatin da Ɗaya, Babu Bindiga Ko Ɗaya

Malam Tankari, don Allah ka taimake ni kafin ƙarshen wata. Ana shirin korar mu daga gida saboda bindigogin da ba mu da su.

Ni Bakanuwa ce, ina sarin takalma a kasuwar Zhanxi Lu da ke nan Guangzhou, ƙasar Sin. Mijina Alhasan yana harkar jakunkuna a garin Shiling, kuma ko kaza ba ya iya yankawa. Sai dai Allah ya jarrabe shi da son tsofaffin ƙananan bindigogin Turawa, na farko-farkon masu ɗura kansu. Ya san shekarar kowace da nauyinta, amma ranar aurenmu sai an tuna masa. A ƙasar nan ko mai kama da bindiga aka gan ka da ita ka shiga uku, shi ne ya samo dabara: ya kai hoton bindiga da awonta wajen maɗinkin jaka, a ɗinka masa kuben fata daidai ita. Yanzu kube talatin da ɗaya ke rataye a falonmu na unguwar Panyu, kowanne da sunansa. Har mai yake shafa musu, Malam.

Ranar Talata mai gidan hayarmu ya zo duba famfo, ya ga bango, ya tsaya cak. Alhasan ya ce masa babu bindiga a ciki da Sinancinsa na kasuwa, sai kuma zumuɗi ya ɗebe shi, ya shiga kwatanta masa da yatsa yadda bindigar Mauser ke tofar da kwanson harsashi. Dattijon ko sifanarsa bai ɗauka ba ya fice. Jiya ya aiko cewa ko mu fito da bindigogin, ko mu tashi. Wata huɗu muka yi muna yawo kafin mu sami wannan gida. Na ce a ƙona tarkacen, Alhasan ya daina cin tuwona.

Matar mai kube, Guangzhou

'Yar'uwa, dattijon bai yi laifi ba. Duk wanda ya ga kube da yawa haka zai tambayi inda abin cikinsu yake, mijinki kuma ya amsa masa da yatsa. Shi ma Alhasan, a cikin masu tara bindigogi ban taɓa jin wanda ya kai shi rashin haɗari ba. Kada ki ƙona masa kaya.

Ba za ku iya nuna abin da babu ba, don haka ku nuna wanda ya yi ɗinkin. Ku ɗauko maɗinkin daga Shiling da takardun awonsa, ku nemi ɗalibar da ta iya Sinanci, ku gayyato dattijon shan shayi, ku bar shi ya duba har ƙarƙashin gado. Ke za ki yi magana. Alhasan ya zuba hannuwansa a aljihu har baƙon ya tafi. Daga nan kuben su sauka daga bango su koma akwati, ya riƙa ziyartarsu ranar Lahadi.

Allah ya bar ku a gidanku, ya kuma tsare sha'awar Alhasan daga komawa kan igwa, don ban san falon da zai ɗauki rigarta ba.