Sunan da Na Kasa Faɗa a Taron Tiki

Wangsa Maju, Kuala Lumpur
14 ga Maris, 2022

Zuwa ga ƙanwata Turai,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa gare ki, da fatan takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara wa Iya lafiya da nisan kwana, Ya kawo mana ƙarshen wannan annoba. Mu nan alhamdu lillahi. Yayanki ya kusa gama rubutun digirinsa, ya rame kamar ba ni nake tuƙa masa tuwo ba. 'Yarki kuwa ta zama 'yar ƙasa, in an kira ta cin abinci sai ta gyara wa mutum baki ta ce makan ake cewa.

Kin san abin da ya sa na ɗauki biro, kada ki yi mini fuskar rashin sani. Sati biyar ke nan, in na kira Iya sai ta amsa gaisuwa ta miƙa wa yara wayar. Matar da a da sai kuɗin waya ya ƙare muke rabuwa. Ban ga laifinta ba. Amma ina so ki ji yadda abin ya faru daga bakina, tunda ke ce 'yar lelenta.

Lokacin kulle, da aka hana mu fita wata da watanni, kabar da Iya ta cusa mini a akwati ranar tahowarmu ita ta riƙe mini hankali. Na yi ta saƙar faifai har kabar ta ƙare, na koma wani ganye da suke tabarma da shi a nan. Maƙwabciyata Roseline, 'yar Jos ce, ta gani ta ce wallahi sai na koyar a wani taro da take taimakawa wajen shiryawa, wai taron tiki. Ni ma sai da na tambaya. Mutane ne masu sha'awar al'adun wasu tsibirai na can tsakiyar teku, sukan haɗu duk shekara su sa riguna masu furanni, su koyi sana'o'in hannu. Na ce mata ni Kazaure na sani, ban san tsibiri ba. Ta ce saƙa ai saƙa ce.

Ranar muka je, kowa da takunkumi a fuska, an gwada zafin jikinmu a ƙofa, kujeru a wawware. Ɗaki ɗaya ana koyar da sassaƙar wasu fuskoki na katako masu manyan haƙora, na kalle su sau ɗaya na yi a'uzu na wuce. Wani ɗakin ana koyon kaɗa wata 'yar ƙaramar garaya, wani ana haɗa sarƙar furanni, can ƙarshe kuma masu haɗa abin sha, wanda ko ƙofarsa ban leƙa ba. Ni aka ba ni mutum goma sha biyu. Turai, da kin ga wani dattijo ɗan China yana kokawa da basilla, gumi na zuba, da kin yi dariya har kin faɗi. Na nuna musu yadda ake naɗe cibiyar faifai, da yadda ake sako jan launi ba tare da an ga mahaɗa ba, daidai yadda Iya ta koya mini ina amarya, tana bugun hannuna in na sassauta. Abin ya yi kyau, har na fara jin kaina.

Abin da ban sani ba, saboda cutar ana haska komai kai tsaye ga waɗanda suka kasa zuwa, kuma yayanki don murna ya tura muku ku kalla tare da Iya. Ana gab da tashi, mai taron ta zo da lasifika ta ce in faɗa wa duniya sunan wanda ya koya mini. Ta ce al'adarsu ce kowane malami ya ambaci malaminsa da cikakken suna, don a rubuta a littafin taro. Shekara tara ina gidanku, kin taɓa jin sunan Iya a bakina? Ko mai irin sunan na gamu da ita, sai dai in ce mai sunan Iya. Ga mutane sun zubo mini ido, ga matar tana jira da biro. Sai na ji kaina ina cewa a intanet na koya.

Da zan iya tsayawa a nan in ce kunyar suruka ce kawai, da na ji daɗi. Amma ke ba a yi miki ƙarya. Ai da na iya cewa uwar mijina ce, in yi shiru. Gaskiyar ita ce, waɗanda suka yi magana kafin ni duk sun ambaci manyan malamai da makarantun ƙasashen waje, sai na ji nauyin in ce wata tsohuwa ce a tsakar gida, wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Na laɓe a bayan alkunya na yi abin kunya. Da yayanki ya gaya mini Iya ta ce ashe intanet ma ta iya faifai, Allah Ya yi mata albarka, kwana biyu ban iya haɗa ido da shi ba.

Makon jiya masu taron suka sake tara mu ta bidiyo, don ɗalibai su nuna abin da suka ƙarasa. Da aka zo kaina na ce ina da gyara. Na ce ƙarya na yi musu rannan. Na gaya musu a ƙasarmu mace ba ta kiran sunan uwar mijinta, don girmamawa, amma tunda na riga na hana ta haƙƙinta a gabansu, a gabansu zan biya. Sannan na faɗi sunan, Turai. Nata da na mahaifinta, da sunan unguwa. Mai taron ba ta ji daidai ba, ta sa na maimaita sau uku, har da harafi-harafi. Yayanki yana kicin, ya ji, ya fita waje.

Wannan karon bai tura wa kowa ba, don haka Iya ba ta sani ba. Na turo miki bidiyon a waya. Na yi ta tunanin ko in bar shi, don ban san wanne zai fi yi mata ciwo ba, ta ji na ɓoye ta ko ta ji sunanta tsirara a bakin surukarta. Amma ki zauna kusa da ita ki nuna mata, kada ki yanke komai. Ki ce mata laifina yanzu biyu ne, ta zaɓi wanda za ta fara yafe mini. In kuma kika yi mini dariya a gabanta, Allah Ya isa tsakanina da ke.

Ki gaishe mini da Kawu Bala da iyalinsa, da Abdulgani da amaryarsa, da Bashira sarkin surutu. Iya kuwa ba zan aika mata gaisuwa ta bakinki ba. Ranar Juma'a bayan la'asar ɗinku zan kira. Ki roƙe ta ta riƙe wayar.

Taki matar yaya,
Saudatu