Rumfar da Ba Ka Ƙarasa Ba

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar? Ina fata kana cin abincin asibitin ba tare da ka ishi masu jinya da mita ba. Yara lafiya lau, suna gaishe ka.

Ban so in tayar maka da hankali ba, amma ɓoyewar ta fi ƙarfina. Tun ranar da ka faɗo daga rumfar tafkin, tana nan yadda ka bar ta, babu rufi. Rana tana dukan ruwan har ya zama kamar na wankan jariri. Kifin kuwa ci suke babu ƙaƙƙautawa, girma kamar ana hura su. Da farko murna na yi. Jiya na kamo ɗaya, sai na ga bayansa a lanƙwashe. Na sake kamo wani, shi ma haka.

Yayanka ya gani, ya ce annoba ce, a zuƙe ruwan a binne su duka, har da iyayen kifin da ka sha wahalar zaɓa. Na roƙe shi ya dakata. Haɗin abincin kifinka kuwa ban taɓa ba, kamar yadda ka sa na yi alkawari.

Taka,
Mai-gardama

Maigida,

Bayan gaisuwa da fatan kana samun sauƙi, shirunka ya dame ni.

Na ɗauko likitan dabbobi. Ya feɗe kifi ɗaya, ya kama ƙashin bayan da yatsu, ya lanƙwasa shi kamar igiya. Ya ce ba annoba ba ce. In ruwa ya yi ɗumi, kifi yana saurin girma, nama ya riga ƙashi. Akwai sinadarin da ke gina ƙashi, wai fosfaras, kuma haɗinka na waken soya da dusa ba ya ba su isasshe. A inuwa yana isa, a rana ba ya isa. Maganin garin ƙashi ne, daidai misali, don in ya yi yawa ruwan zai lalace.

Yayanka bai yarda ba. Ya aro injin zuƙar ruwa, ga shi nan a bakin tafki. Na jira izininka har na gaji. Na karɓo ƙashi wurin mahauci, na ƙona, na daka, na tankaɗe, na zuba a haɗin. Na karya alkawari. Ka yi fushinka, amma ka rubuto.

Taka,
Mai-gardama

Baban yara,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara afuwa.

Yau da safe Yayanka ya zo tayar da injin. Zama na yi a kan tiyon, na ce sai an jefa raga an duba ƙananan da suka taso a kan sabon haɗin tukuna. Aka jefa, aka kamo su. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, duk miƙaƙƙu ne sambal. Ya naɗe tiyonsa.

Waɗanda suka riga suka lanƙwashe ba za su miƙe ba, likita ya faɗa mini tun farko. Yaya ya ce to a tsince su a zubar. Na ce suna iyo, suna ci, babu inda za su. Sai ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya faɗa mini abin da ka hana shi faɗa: ƙafar ta haɗe a karkace, kuma ka ce in an sallame ka gidansa za ka sauka, don kada in gan ka kana ɗingishi.

Haba, Maigida. Ni da na zauna a kan tiyo saboda kifi?

Na share ɗaki, na ɗaure kara a hanyar tafki don ka samu abin dafawa. Rumfar a kira kafinta, kai dai ka tsaya daga ƙasa kana yi masa faɗa. Ranar sallama ni zan zo ɗaukarka.

Taka har kullum,
Mai-gardama